Tashar cajin moto da adaidaita a Damagaram: inda kuɗin ke shiga da inda yake zurarewa

Mai son buɗe wurin cajin abin hawa na lantarki a Damagaram yakan fara da tambayar panno, wato farantin sola, nawa zai saya. A wurinmu masu wannan sana'a, panno ne mai sauƙin lissafi. Abin da ke cin jari, yake kuma mutuwa da wuri in an yi sakaci, shi ne batirin ajiya.

Dole ce ta sa muke ajiya. Wani kaso na wutar NIGELEC, kamfanin lantarki na Nijar, da ke zuwa nan daga Najeriya yake fitowa, ta layin Katsina, kuma kowa ya tuna yadda aka yanke ta a watan Agusta na 2023, ba a maido ba sai a Maris na 2024. Ko babu wannan, lokacin bazara kuran na zuwa yana tafiya, ɗan kabu-kabu kuwa ba zai jira ba.

Ga lissafin. Batirin moto mai bolt 72 da amper-awa 30 yana ɗaukar kimanin kilowat-awa 2.2. Na adaidaita mai bolt 60 da amper-awa 100 yana ɗaukar 6. Moto goma da adaidaita uku sun kai kilowat-awa 40 a yini. Panno mai wat 550 a takarda ba ya ba da 550 a kan rufi cikin Afrilu, don duk digiri ɗaya da ya haura 25 yana rage kusan kashi 0.35 cikin ɗari, ga kuma ƙura. Mu kan lissafa kilowat-awa biyu da rabi ga kowane panno a yini, wato aƙalla panno ashirin ga wannan aiki in an haɗa da asara.

Asarar nan ce mutane ba sa gani. Wutar da ta shiga batirin ajiya, ta fito ta inbata, na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin ta gida, sannan ta bi ta caja, tana iya rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu a hanya. Shi ya sa muke matsa wa abokan ciniki su kawo caji tsakanin hantsi da la'asar, lokacin da rana ke ciyar da caja kai tsaye, har mukan sassauta musu farashi. Wanda ya fi wannan shi ne musayar batir: direba ya ajiye wanda ya ƙare, ya ɗauki cikakke, mu caja na farkon a hankali da rana. Ajiya ta zama ta dare da ta ranar hazo kawai.

Batirin dalma, ko na ruwa ko na jel, yana da araha a farko, amma ba a sauke shi ƙasa da rabi, kuma duk ƙarin digiri takwas zuwa goma a kan 25 yana raba rayuwarsa biyu. A garin da inuwa ma ke wuce 40, wannan magana ce babba. Mun fi son lityom irin LiFePO4: ƙwaya, wato ƙananan batira, 16 a jere, kowace bolt 3.2, jimla 51.2, amper-awa 100 ya ba da kilowat-awa 5.12, kuma ana iya cin kashi 80 zuwa 90 ba tare da an cutar da shi ba. Shi ma ba ya son zafi. Yawancin na'urorin BMS da ke gadinsa suna hana caji in ya kusa digiri 45 zuwa 55, gwargwadon saiti. Kada a sa shi cikin kwantena ko shagon kwano. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango, da taga ƙasa da wata sama don iska ta ratsa, ya fi masa duk wani gini na zamani da ba shi da na'urar sanyi.

Cajin lityom hawa biyu ne. Da farko caja na tura amper tsayayye har bolt ya kai iyaka, sannan ta riƙe bolt ɗin, amper na raguwa har ya kusa ƙarewa. Shi ya sa kashi 20 na ƙarshe ke jan lokaci. Amper 10 a kan batir mai amper-awa 30 awa uku ne da ɗoriya, kuma wannan saurin ya isa. Moton da ya shigo daga aiki batirinsa da zafi, a bar shi rabin awa a inuwa kafin a jona.

Kuskuren da ya fi ƙona kaya shi ne caja. Batir biyu duk an rubuta musu bolt 72, amma ɗaya ƙwaya 20 ne na wani irin lityom da ake kira NMC mai cika a 84, ɗayan ƙwaya 24 ne na LiFePO4 mai cika a 87.6. Bakin filogi iri ɗaya ne sau da yawa. In yaron shago ya sa cajar 87.6 a kan na 84, kuma BMS ɗin na banza ne, gobara ake nema. Muna shafa wa kowace caja da batirinta fenti launi guda, mu rubuta lambar bolt da manyan baƙi. Batirin da ya kumbura ko yake wari ba ya kwana cikin shago.

Ɓangaren waya ma haka. Inbata mai kilowat 5 a kan bolt 48 tana jan sama da amper 100, saboda haka wayar tagulla ce mai kaurin milimita murabba'i 35, gajeriya, da fiyus na DC, wato irin wutar da batir ke bayarwa, kusa da batir. Makashin wuta na gida ba ya iya kashe tartsatsin DC. Kowane wata a bi kusoshin a ɗaure, don sako-sakon kai shi ke yin zafi ya narkar da roba. Sandar ƙarfen da ake kafawa don ta zubar da wutar da ta kauce cikin ƙasa kuma ba ta kamawa sosai a busasshen rairayi da duwatsun garin nan, sai a kafa biyu ko uku a haɗe, a wurin da ke samun danshi.

Mota jefi-jefi take zuwa. Cajarta ta bango tana jan kilowat 7 tsawon awowi, kuma motocin da aka ƙera don kasuwar Sin bakinsu GB/T ne, ba irin na Turai ba, sai a tambaya kafin a sayi kaya. Caja mai sauri ta DC, mai kilowat 30 zuwa sama, tana son layi mai fas uku ko ajiya mai girman gaske, ba aikin ƙaramin shago ba ne.

Wankin panno lokacin hunturu sau biyu a mako ne, da asuba kafin gilashi ya yi zafi. Da yake ruwa a Damagaram ba abin wasa ba ne, a fara kaɗe ƙurar da busasshen tsumma mai laushi, sannan bokiti ɗaya ya isa panno goma.