Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Jirgi Ya Zauna da Gindi

A makon jiya na tsaya inda maigidana na gareji ya ba da arona ga wani tsohon injiniya mai ritaya, wanda kowa ke kira Baba Injiniya. To, ranar Asabar na hau bas daga Tudun Wada na nufi wajen Mando a nan Kaduna, inda ya ajiye ɗan jirginsa na sama a wata rumfa.

Jirgin mai kujera biyu ne, shi ya harhaɗa abinsa da hannu. Samfurin RV-6A ne na Amurka, wanda ake sayen sassansa a akwati, irinsa ne aka haɗa guda 60 a nan Kaduna aka sa musu suna Air Beetle don koyar da matuƙan sojan sama. Injinsa Lycoming O-360, silinda huɗu, ƙarfin doki 180, kuma ba ruwansa da lagireto, iska ke sanyaya shi. Robobin mazaunin injin ne suka tsufa suka tsattsage, dole a sauke shi.

Ni kuwa lokacin jini na tafasa. Na ce, "Baba, a samo ƙarti huɗu da gora, yanzu mu sauke. Haka muke wa injin Fijo."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Yaro, ɗagawa ai ko ɗan dako ya iya. Wa zai riƙe mini shi awa biyu bai yi numfashi ba?"

Washegari muka shiga Panteka, kasuwar masu walda da kayan ƙarfe. Ya sa mai walda ya haɗa mana ƙarfe mai ƙafa huɗu kamar ragar ƙwallo, muka rataya sarƙar ɗaga inji mai ɗaukar tan ɗaya, wadda makanikai ke kira cen-bulok. Injin bai wuce nauyin buhun siminti biyu da rabi ba, har na yi ta gunaguni a raina cewa an yi asarar kuɗi.

Muka cire farfela da salansa da wayoyi, kowanne Baba sai ya ɗaura masa takarda da lamba. Ya maƙala ƙugiya a zoben da ke saman injin, ya ce kafin a kwance notin ƙarshe in tura jakin katako da tsohuwar katifa ƙarƙashin wutsiya. Na ce to. Sai aka kira la'asar, muka je muka dawo, maganar ta fita daga kaina.

Injin na rabuwa da mazauninsa, sai hancin jirgi ya yi sama, wutsiya ta daki siminti, gwaram! Ashe nauyin injin ne ke danne tayar gaba. Injin kuwa yana nan a sarƙa, yana ɗan lilo, ko ƙwarzane babu. Da a kafaɗarmu yake, wallahi da firgitar nan sakinsa za mu yi. Baba bai zage ni ba. Ya durƙusa ya shafa inda murfin ƙasan wutsiya ya tsage, ya ce, "Kai za ka gyara." Da ma marina ya yi.

A wajen mayarwa na ga amfanin sarƙar sosai. Kusoshi huɗun da ke riƙe injin ba a miƙe suke shiga ba, duk sun karkata ne suna kallon tsakiyar nauyinsa, don robobi su shanye girgiza. Sabuwar roba kuma taurin kai gare ta. Ka samu rami ɗaya ya daidaita, na kusa da shi ya kauce. Baba na leƙe da tocila yana cewa, "Ɗan ja. Ya isa! Sassauta kaɗan." In ja sarƙar hannu kamu guda, injin ya motsa abin da bai kai faɗin farce ba, in saki, birki ya riƙe shi cak. Muka tafi cin abinci muka bar shi a rataye, muka dawo muka same shi inda yake.

Kusa ta huɗu ba ta shiga ba sai dab da magariba. Baba ya ɗaure notin da sifana mai awo, ya zura fil ya lanƙwasa, sannan ya miƙo mini littafin aiki.

"Rubuta abin da aka yi. Har da wutsiyar."

Yadda muka tayar da injin, da abin da iskar farfela ta yi wa hulata, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.