Wasiƙa Daga Ingila: Su Ma Suna Da 'Yan Kamarsu

Assalamu alaikum, 'yan'uwa na gida. Ina fatan hunturu bai matsa muku ba. Mu nan sanyin ya kai inda rana ke faɗuwa tun ƙarfe huɗu, kuma lokacin ne mawaƙan coci ke cika gari.

Duk Disamba, da wuya ka sami babban gari a Ingila da ba a rera Messiah, dogon waƙen da shahararren mai tsara kiɗa Handel ya tsara a 1741, aka fara rera shi a Dublin a 1742. Mutum ɗari ko fiye za su jeru, an raba muryoyinsu gida huɗu daga siririya zuwa kakkaura, kowa riƙe da littafi. Idan aka zo baitin Halleluya, jama'a duka sai su miƙe tsaye. Ko tari mutum zai yi sai ya haɗiye abinsa. To abin da nake so in ba ku labari shi ne, mutanen nan masu wannan natsuwa su ne kuma suka fi kowa iya yi wa waƙar tasu shaƙiyanci, har su buga a faifai a saya.

Wanda ya fi burge ni aikin wasu malaman makaranta ne su huɗu, masu kiran kansu Master Singers. A 1966 suka ɗauki dokokin hanya na Birtaniya, wato yadda ake tsallaka titi da inda mai tafiya a ƙasa zai bi, suka rera su da muryar da Cocin Angilika ke rera Zabura. Ba su saki murya ko ɗaya ba, ba wanda ya yi dariya. George Martin, mai haɗa wa ƙungiyar mawaƙa ta Beatles faifai, shi ya haɗa musu, faifan kuwa ya shiga jerin waɗanda aka fi saye a ƙasar. Daga baya suka yi wa rahoton yanayi haka nan. Kana ji ka san ƙwararru ne, kuma ƙwarewar ce ke sa cikinka ciwo: murya ta ibada, magana ta gefen kwalta.

Nan take ɗan kama ya faɗo mini a rai. Shi ma ai haka yake yi, ya ɗauki karin waƙar da kowa ya sani, ko salon karatun malamai, ya zuba tuwo da miya a ciki, fuska a murtuke. Wani Ba'amurke, Peter Schickele, wanda ya rasu a 2024, kusan abin da ya yi ke nan. Ya ƙirƙiro wa Bach, shahararren mai tsara kiɗa na Jamus, wani ɗa na ƙarya mai suna P.D.Q. Bach, ya riƙa cewa ya tono rubuce-rubucensa, ciki har da wani dogon waƙen taro da ba komai cikinsa sai kayan ƙamshin girki. Ya ci kyautar Grammy sau huɗu a jere da wannan sana'a.

Akwai kuma wani iri dabam. A 1970 wani mai tsara kiɗa, Gavin Bryars, ya kafa ƙungiyar Portsmouth Sinfonia a makarantar koyon zane. Sharaɗin shiga: ko dai ba ka iya kiɗa ba sam, ko ka riƙe abin kiɗan da ba naka ba. An hana yin kuskure da gangan, dole kowa ya yi iya ƙoƙarinsa. A 1974 suka hau dandalin Royal Albert Hall a Landan da ɗaruruwan mawaƙa suka afka wa Halleluya, aka naɗi abin a faifai. Masu goge na neman hanya, masu busa sun yi gaba abinsu, mawaƙa na bin kowa a guje.

Ni dai nasu na farko na fi so. Na Portsmouth sau ɗaya za ka ji ka ƙyaƙyata, a karo na biyu kunne ya fara ƙorafi. Na malaman nan kuwa kana iya maimaitawa, don ko ka cire barkwancin, waƙa ce mai daɗi.

Duk suna YouTube ga mai data. Amma ku fara sauraren Halleluya ta asali tukuna, in ba haka ba za ku ɗauka masu gogen Portsmouth haka aka rubuta musu.

A gaida kowa da kowa.

Naku,
Ɗan'uwanku a Ingila