Godiya bayan kammala horon sabbin ma'aikatan ɗakunan karatu a Maraɗi

Assalamu alaikum. A madadin waɗanda suka shirya horon matasa masu shiga aikin kula da ɗakunan karatu, ina miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu har aka kammala lafiya.

Godiya ta farko ta malaman jami'a ce, waɗanda suka ba mu aji, suka kuma koyar ba tare da sun tsaya a kan maganar kuɗi ba. An daɗe a ƙasar nan wanda yake son ƙwarewa a wannan aiki sai ya nufi EBAD, makarantar koyar da aikin ɗakunan karatu da adana takardu da ke Dakar, wadda aka kafa a 1967, alhali ba kowane uba ne a Mayahi ko Tasawa zai iya ɗaukar nauyin wannan tafiya ba.

Amma waɗanda suka fi cancantar yabo, a ganina, su ne alarammomi da shugabannin mata da suka dage cewa kada a tsaya ga ƴan birni masu Faransanci kaɗai. Albarkacinsu aka ɗauki ƴan mata daga Madarunfa, da matasan Fulani da Abzinawa daga yankin Dakwaro da Bermo, da masu lalurar ƙafa, da kuma waɗanda suka taso a makarantar allo. Amfanin haka ya fito fili ranar da wani dattijo ya kawo gafaka cike da takardun da gara ta ci gefensu: masu digiri suka yi cirko-cirko, sai wani gardi daga cikin ɗaliban ya karanta ajamin, ya ware waƙar wa'azi daga takardar gado, ya jera shafukan bisa kalmar da magabata suke rubutawa a ƙasan shafi domin nuna farkon na gaba. Shi ne kuma ya tambayi dalilin da ya sa tsarin Dewey, wanda ake bi wajen jera littattafai bisa lamba a ɗakunan karatu, ya cusa Musulunci gaba ɗaya a lamba 297, tambayar da ta cinye sauran darasin ranar.

Muna gode wa ma'aikatan ɗakunan karatu na garuruwa da suka karɓi ɗaliban domin gwajin aiki, da iyayen da suka amince ƴaƴansu mata su kwana nesa da gida. Ga magadan gari kuwa, godiyarmu tana tafe da roƙo: a ɗauki matasan nan aiki kafin kasuwa ta janye su. Allah Ya saka wa kowa da alheri.