Tsuntsun da laka ta ɓoye wa ƙafa

Duk mai koyon bambance ƙananan tsuntsayen bakin teku, abin da ake fara ce masa shi ne ya dubi ƙafa: baƙa ta Calidris minuta ce, mai ɗorawa-ɗorawa ko kore-kore ta Calidris temminckii ce (sunayen kimiyya ne na wasu iri biyu masu kama da juna). A littafi haka ne. Amma tsuntsun da ya wuni yana tattaka laka, wa ya wanke masa ƙafa?

Wata rana muna bakin teku, ruwa ya janye, garken minuta na ta caccakar laka, ba tsayawa. Can gefe, inda wani ɗan rafi ke malala cikin teku, sai ga ɗaya shi kaɗai, a duƙe, yana sanɗa. Dattijon da muke tare ya ɗaga madubin hangen nesa sau ɗaya, ya ce, "Ƙafa baƙa ce, rubuta minuta mu wuce." Na ce, "Malam, a ɗan ƙara mini lokaci." Bai so ba.

Girma ba ya raba gardamar nan. Minuta santimita 12 zuwa 14 ne, ɗayan 13 zuwa 15, dukansu kuma daga can arewacin Turai da Saberiya suke zuwa. Tafiyar tsuntsun nan ce ta hana ni rubutawa, sai ƙirjin da ke da toka-toka a shafe, ta yanke daidai inda farin ciki ya fara. Jelarsa ma ta ɗan zarce ƙarshen fikafikai. Ƙafar dai baƙa wuluk, kuma ita kaɗai malam ke kallo.

Da wani kare ya taso su, minuta suka yi ƙasa-ƙasa a dunƙule. Shi ko ya cilla sama tsaye yana karkacewa, yana wani kuka tirrr, gefen jelarsa fari fat. Na minuta toka-toka ne. Ya sauka cikin ruwan rafin, ya yi 'yan taku, laka ta zube, ƙafa ta fito ɗorawa mai sirkin kore. Temminckii ne! Har yanzu in na tuna sai na yi murmushi, ko da yake malam cewa kawai ya yi ai hasken rana ne bai yi kyau ba.

Yanzu launin ƙafa shi nake dubawa a ƙarshe, shi ma sai tsuntsun ya shiga ruwa ya fito. In babu ruwa kusa, nakan zauna in jira ya tashi da kansa in ga jelar.