Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Yaron Gado na Bakwai

A makon jiya na tsaya ne a inda Matiron ta kira ni ofishinta, ta miƙo mini makullan ɗakin ƙashi na maza, ta ce daga ranar Litinin ni ce shugabar ɗakin. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Shekarata biyu ke nan da dawowa daga kwas ɗin jinyar ƙashi a asibitin Dala na Kano, wanda tun 1959 yake aikin karaya, kuma a lokacin ji nake kamar babu wani ƙashi a jikin ɗan Adam da zai ba ni mamaki.

Shekarar 2011 ce, acaɓa na kan ganiyarsa. Ko Kano ba ta hana shi ba tukuna, sai a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Gadajenmu talatin da biyu, fiye da rabi na 'yan acaɓa ne da fasinjojinsu. In ka shigo ɗakin, abin da za ka fara gani shi ne ƙafafu a miƙe, igiya ta bi ta kan ƙaramar taya a ƙarshen gado, buhun yashi yana reto a ƙasa. Mai karayar cinya kan yi wata biyu ko uku a haka. Har sabo ake yi, a san wanda ke minshari, a san wanda matarsa ta fi iya miyar kuka.

Tsarin aikin da na tarar shi ne wanda ni ma na taso a cikinsa. Da safe a raba aiki: wannan ita ce mai allura da magani, wannan mai wankin ciwo, wannan mai awon zafi da jini, babbar cikinmu kuma tana tebur tana rubuta rahoto, tana bin likita zagaye. Kowa ya ɗauki tirensa ya fara daga gado na ɗaya ya dire a na talatin da biyu. An koya mana a kwas cewa wannan tsari ya yi ƙarfi ne a Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da ƙwararrun nas-nas suka tafi bakin daga aka bar asibitoci da ƙarancin hannu. Yana da sauri, ban musa ba. Kafin sha ɗaya an gama komai, an goge tebur.

A sati na uku da kama aikina, cikin zafin Afrilu, aka kawo wani yaro ɗan shekara tara. Ya faɗo daga bishiyar mangwaro, ya dafe ƙasa da hannu, ƙashi ya karye dab da gwiwar hannu ta sama. Duk wanda ya yi aikin ƙashi a ƙasar nan ya san lokacin mangwaro da irin wannan karaya. Ɗakin yara ya cika da masu ƙyanda, sai aka kawo mana shi. An gyara ƙashin da la'asar, an sa masa siminti, aka kwantar da shi a gado na bakwai, kakarsa ta shimfiɗa tabarma a gefe. Na duba yatsunsa kafin in tashi aiki, jajaye ne, da ɗumi, yana motsa su. Na rubuta a littafi cewa a riƙa duba hannun. Ban faɗi wanda zai duba ba.

Washegari tun daga bakin ƙofa na ji kukansa. Ba kukan shagwaɓa ba ne, irin kukan nan ne da muryar ta riga ta dishe. Yatsun sun kumbura sun yi sheƙi, sun yi fari-fari. Na matsa farce, jinin ya daɗe bai dawo ba, alhali cikin daƙiƙa biyu ya kamata. Na miƙar da ɗan yatsa ɗaya a hankali, yaron ya ƙwala ihun da har yau in na tuna nakan ji shi a kunnena.

Bari in ɗan yi bayani don masu 'ya'ya. Tsokar hannu tana cikin wani tantani mai tauri, kamar jakar fata da ba ta miƙewa. In aka samu karaya sai ciki ya kumbura. In kuma akwai siminti ko ɗauri daga waje, kumburin ba shi da wurin zuwa, sai ya danne ƙananan hanyoyin jini. Tsoka ta rasa jini, cikin awa shida zuwa takwas ta fara mutuwa, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa. Abin da ke yaudarar mutane shi ne za ka iya taɓa wuyan hannu ka ji bugun jini ƙalau, barna kuwa tana ci a ciki. Alamar farko ita ce ciwon da ya fi ƙarfin raunin, wanda magani ba ya kwantar da shi.

Ban jira kowa ba. Na aika a kira likita, na ɗauko almakashin siminti na tsaga shi daga sama har ƙasa, na yanke audugar ciki har sai da na ga fata. Kafin ƙarfe tara yana ɗakin tiyata, an tsaga tantanin don tsokar ta sha iska. Hannun bai kai ga yankewa ba, alhamdulillahi. Amma yatsu sun lanƙwashe kamar mai riƙe da ƙwai, nakasar da wani likitan Jamus mai suna Folkman ya bayyana tun 1881. Na rubuta sunanta a jarrabawa na ci maki, ga ta yanzu a gadona na bakwai.

Da na zauna bin diddigin daren, abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ban samu wanda ya yi barci ko ya bar aikinsa ba. Mai magani ta ba shi maganin ciwo da ƙarfe goma, da ya ci gaba da kuka ta ƙara masa da ƙarfe biyu, duk ta rubuta. Mai awo ta auna zafinsa sau biyu, babu zazzaɓi, ta rubuta. Rahoton dare ya ce yaro ya yi rigima, an ba shi magani. Kowace ta ɗauka duba yatsu yana cikin aikin 'yar'uwarta.

Na je wurin kakar don in ba ta haƙuri. Tana zaune tana jan carbi, ba ta ɗago ba.

Na ce, "Iya, sannu da wannan dare."

Ta ce, "Yauwa 'yar nan. Sau uku na faɗa. Na gaya wa mai allura hannun jikana ya yi sanyi, ta ce in gaya wa mai awo. Mai awo ta ce sai likita ya zo da safe." Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ubansa ne ya hana a kai shi wurin mai ɗorin garinmu. Shi in ya ɗora maka, da asuba zai dawo ya taɓa da hannunsa. Ya san sunan yaron nan tun ranar suna."

Na rasa bakin magana. Mu a ɗakin ƙashi ba mu da abin zagi kamar masu ɗori, kuma da dalili. Na ga yara da aka ɗaure wa hannu da kara da tsumma tamau, aka kawo su bayan kwana biyar hannu ya yi baƙi yana wari, ba abin da ya rage sai yankewa. Har gobe ba na ba kowa shawarar ya kai karaya can. Amma tsohuwar nan ta faɗi abin da ke mayar da mutane wurinsu bayan arha da biya a hankali: a can mara lafiya yana da mai shi. A wurina yaron yana da ma'aikata uku a dare ɗaya, babu wadda za a nuna a ce nata ne.

Daren nan na zazzage akwatin takarduna na kwas. A ciki akwai bayanin tsarin da wata nas mai suna Mari Manti da abokan aikinta suka fara a asibitin jami'ar Minesota a ƙarshen shekarun 1960, inda nas ɗaya ke ɗaukar nauyin mara lafiya tun daga ranar kwanciya har ranar sallama. Na karanta na yi dariya ni kaɗai. Wannan sai mai ma'aikata da yawa. Ni biyar gare ni da safe, uku da yamma, biyu ko uku da dare. Don haka na yanka rigar daidai jikina. Na raba ɗakin gida huɗu, gado takwas-takwas. Kowace nas ta riƙe rukuninta na sati guda, allura da wankin ciwo da awo da juya mai kwance duk nata ne. Da dare kowace ta haɗa rukuni biyu. Miƙa aiki ya tashi daga tebur ya koma bakin gado, mai tafiya da mai karɓa su taɓa yatsun mai siminti tare. Na sayi allo da alli da kuɗina, na rubuta sunan kowane mara lafiya da sunan nas ɗinsa.

Wadda ta fara tayar mini da ƙura wata babbar sista ce da ta girme ni da shekara goma a aiki. Shekara da shekaru allura kawai take yi, kuma gaskiya ban ga mai hannun samun jijiya kamarta ba. Ta same ni a ɗakin magani ta rufe ƙofa.

"Ke yanzu, ƙanwata, da girmana da matakina za ki ce in koma juya ƙatti ina duba musu ɗuwawu?"

Na ce, "Yaya, ba ke kaɗai ba. Ni ma na ɗauki gado huɗu."

Ba ta yarda ba sai da ta gan ni da safar hannu ina wanke gyambon kwanciya na wani dattijo mai karayar ƙugu. Duk da haka ta kai ƙarata. Matiron ta saurare mu, ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Wata uku na ba ki. In magani ya fara makara, ki koma yadda kika tarar." Na ce, "Na gode, ranki ya daɗe." Kuma maganin ya makara a satin farko, har likita ya yi faɗa. Aikin da ake gamawa sha ɗaya ya koma kaiwa azahar. Masu gunaguni ba ƙarya suka yi ba.

Abin da ya cece ni ba ya cikin takardun kwas. Masu jinya ne, waɗannan da muke kora waje lokacin zagaye kamar kaji. Su ne ke kwana a gindin gado, idonsu biyu lokacin da nas ɗaya ke fama da gado goma sha shida. Sai na fara tara su kowace Litinin da Alhamis a ƙarƙashin darbejiyar bayan ɗaki. Na koya musu matsa farce, da taɓa yatsu a ji ɗumi ko sanyi, da juya mai kwance duk bayan awa biyu. Na roƙe su da girman Allah su daina ɗora buhun yashi a kan kujera don tausayi, domin da zarar nauyin ya daina ja, tsokar cinya za ta janye ƙashin ya hau kan ɗan'uwansa, ƙafa ta warke a gajarce. Na kuma ce musu duk wanda ya faɗi damuwa aka ce ya jira safiya, ya duba allo ya kira sunan nas ɗinsa da ƙarfi, in ba a zo ba ya sa a buga mini waya ko ƙarfe nawa ne. Maigidana bai ji daɗin wannan ba ko kaɗan.

A wata na biyu, wajen ƙarfe ɗaya na dare, ƙanin wani direba mai karayar ƙwauri ya taso nas ɗinsu ya ce yatsun ƙafar yayansa sun canja kuma maganin bai yi masa komai ba. Babbar sistar nan ce ke riƙe da rukunin. Ita ta tsaga simintin da hannunta kafin likita ya iso, ƙafar ta tsira ba tare da tiyata ba. Da safe ba ta ce mini komai ba, ni ma ban ce ba. Na dai lura ta goge sunanta a allo ta sake rubuta shi da manyan baƙaƙe.

Yaron gado na bakwai ya yi ta zuwa gashin ƙashi wajen wata shida. Yatsu biyu sun ɗan saki, sauran sun ƙi. Ya koyi rubutu da hagu. Duk zuwan da za su yi sai kakar ta leƙo ta gaishe ni, wani lokaci da ƙullin gyaɗa, ni kuwa ban taɓa iya cinta ba, sai in ba masu shara.

Bayan wata ukun Matiron sun daɗe da cika, sai aka yi mana canjin ma'aikata, aka ɗauke biyu daga cikin biyar ɗina na safe, ana saura kwana tara babbar Sallah, lokacin da hanya ta fi cin mutane. Yadda muka kwana da motar da ta kife da 'yan kasuwar raguna, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.