Shuka ma tana da tata garkuwa

Jiya na ga ɗigo-ɗigon ƙuna a ganyen gyaɗarmu, hankalina ya tashi. Malamin gona ya ce ba kullum ne hakan ke nufin cuta ta yi nasara ba. Wani lokaci shukar ce da kanta take kashe ɗan wurin da cutar ta shiga, ta hana ta yaɗuwa. Sai sinadarin salisilik, ɗan'uwan asfirin, ya ƙaru a jikinta, sauran ganyen su shirya faɗa. Ikon Allah!

Baba har yanzu yana tuna kuturtar gyaɗa ta 1975, wadda darɓa ta baza a gonakin Arewa. Bana irin gyaɗa na SAMNUT daga cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya, mai jure kuturta, zan shuka.