Mai gyaran janareta a shekarar da aka daina tayar da janareta

Sana'ata gyaran janareta da injin ban ruwa, kuma tun ina saurayi nake cikinta a nan Kano. In za a faɗi gaskiya, rashin wuta ne yake ciyar da mu. Unguwa tana tsine wa NEPA, mu muna kwance kafireta muna ƙirga kuɗi. A haka na yi aure, a haka na sayi fili.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 kafin mako ya zagayo, a watan Yuli ta wuce 600. Mutane ba su yi wani dogon lissafi ba, kowa ya lulluɓe injinsa da buhu ya sayi fitilar caji da mafici. Injin da ba a tayarwa kuwa me zai kawo shi wurina? Teloli da masu aski, waɗanda su ne ke riƙe da ni, suka koma jiran wuta. Shago ya zama majalisa, mu wuni muna gardamar siyasa babu wanda ya taɓa sifana. A gida uwargida ta rage awo ba tare da ta ce mini komai ba, awara ta maye gurbin nama, ɗan makarantar kuɗi ya koma ta gwamnati. Shirun nata ya fi damuna fiye da a ce faɗa ta yi.

Akwai wani yaro da ya tashi a hannuna, na yaye shi ya buɗe nasa wurin. Yana cikin yaran nan da kullum idonsu na kan waya, abin da a da nake yi masa faɗa a kai. Shi ne ya biyo wata safiya a kan babur, ya ɗaure tukunyar gas a baya. Bayan mun gaisa ya ce, "Maigida, manoman Kura da Garun Malam suna neman mai juya musu inji ya koma gas, aikin ya fi ƙarfina ni kaɗai. In ba za ka ga raini ba, mu tafi tare."

Ni ban taɓa yin aikin ba. Bin sa yana nufin in tsuguna a gaban manoma, yaron da na koya wa wanke fulogi yana nuna mini inda zan ɗaura tiyo. Abokan majalisa ba su bar ni ba, har yau akwai mai kirana yaron shago. Amma durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, kuma cikin masu dariyar babu wanda zai auna mini masara. Na ɗauki jakar kayan aiki na hau bayansa.

Aikin kansa ba wuya gare shi ba ga wanda ya san inji. Za ka cire kafiretar asali ka sa mai ɗaukar fetur da gas duka biyu, ka haɗa tiyo mai kauri daga kan tukunyar, ka matse kowace mahaɗa. Sai ka kaɗa ruwan sabulu ka shafa. Inda ya yi kumfa, nan iska take fita. Tukunya a tsaye take zama, nesa da salansa, a inuwa. Wannan nake nanata wa manomi fiye da komai, don na ga wanda ya kwantar da tasa a rana tsaka kusa da inji yana shan sigari. Ƙarfin injin yakan ɗan ragu, amma fulogi ba ya baƙi da wuri, baƙin mai ma yana daɗewa bai ƙone ba. Ƙananan janaretan nan da ake gauraya musu fetur da baƙin mai kuwa ba na taɓa su, ko an matsa mini. Inda yaron ya fi ni sanin sabon abu, ni kuma kunnena ya fi nasa: daga ƙarar inji nakan gane zobe ne ya ci ko bawul ne ke son saiti. Da haka muka daidaita, ribar a raba biyu.

Ba a jima ba gas ɗin ma ya tashi, dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, kayan gyara a Sabon Gari farashin safe daban na yamma daban. Masu ɗan hali a cikin manoma suka fara tambayar famfon sola, sai muka sake komawa ɗalibai, wannan karon mu biyu. Fanel a Kano kudu yake kallo, a ɗan kishingiɗe, kuma ƙurar hunturu tana cinye masa ƙarfi in ba a gogewa. Lokacin da layukan wuta suka lalace a ƙarshen Oktoban 2024, Arewa ta kwashe kwanaki cikin duhu ga lita ta wuce naira 1,000, masu cajin waya da masu sayar da ruwan sanyi har gida suke biyo mu.

Ba na jin daɗin masu hawa Facebook suna cewa tsadar rayuwa alheri ce, wai ta koya wa mutane neman na kansu. Duk mai faɗin haka bai kwana da yunwa ba. Cikin waɗanda muka yi zamani da su akwai wanda ya sayar da kayan aikinsa ya koma tuƙa adaidaitar wani, akwai wanda ya bar garin da bashi a kansa, kuma ba don sun fi ni lalaci ba. Ni Allah ya haɗa ni da yaro mai riƙon amana, na kuma iya haɗiye girman kai a ranar da ya kamata. Ko yanzu abin da nake samu ya fi na da yawa a ƙirge, amma a kasuwa bai kai shi auki ba.

Babbar rigimar da muke ciki yanzu ita ce bashi. Manomi ba shi da kuɗi lokacin da yake buƙatar ruwa, sai ya girbe. In ka yi wa mai tumatir aiki, amfani ya fito gaba ɗaya kwando ya faɗi warwas, to kai da shi duk kun shiga uku. Shi ya sa na fi sakin jiki da masu shinkafa: mu yi magana tun farko a gaban shaidu, buhu kaza bayan girbi. Abokin aikina ya fi son a tura masa kuɗi ta waya. Ni kuwa uwargida ta riga ta yanke hukunci, ta ce in dai shanshera ce in karɓo, ita ta san mai surfe.